Takobin da Ya Ƙi Amo

Da hantsi ranar Talata wata tsohuwa ta shigo ofishin 'yan sanda rungume da takobi kamar jariri. Kofur ɗin da ke kan kanta ya zabura har kujerarsa ta faɗi. Biye da ita babban ɗanta ne, wani ƙaton mutum mai gyaran famfo, yana ta faɗa tun daga bakin ƙofa.

Sufeto ya shigar da su ofishinsa. Mutum ne mai son jin yadda ake yin komai. Abokan aikinsa sukan ce ko ɓarawon kaza aka kawo masa, sai ya fara tambayar yadda aka yi kazar ta yi shiru.

"Inna, me aka sace?"

"Wannan." Ta ɗora takobin a kan tebur.

"Ai ga shi nan."

"Kuben namu ne, mariƙin namu ne. Ruwan takobin ne, wato ƙarfen, ba namu ba."

Ta ce takobin kakan mijinta ne. Tun da mijin ya rasu ita ke shafe shi da mai duk wata. Kusa da tsininsa akwai wani ɗan giɓi da ke kama tsumma kullum. Jiya da ta goga, tsumman ya wuce sumul.

"Wa kuke zargi?"

"Mijin ƙanwata," in ji Mai Famfo tun kafin uwar ta buɗe baki. "Tsohon bakanike ne, Injiniya ake ce masa. Da Inna ta ce za ta kai takobin gidan adana kayan tarihi, sai ya ce zai ƙera mana irinsa don kada gida ya zauna babu. Kwana uku takobin ya yi a hannunsa, wai awo yake. Ga awon nan mun gani."

"Kana zuwa gidansa?"

"Ni? Shekara guda ke nan ban taka gidan nan ba, Yallaɓai."

Tsohuwa ta gyara mayafinta. "Shekara ashirin ina kiransa ɗana. Idan shi ne, kada ya ƙara shigo mini gida, ko ranar da na mutu."

Injiniya yana garejin gidansa lokacin da Sufeto da Saje suka isa. Siriri ne mai furfura, da tabon ƙuna a hannu biyu. Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa, idanunta jawur, don labari ya riga su zuwa.

Sufeto ya manta da littafinsa a aljihu. Ya tsaya kallon murhun gawayi da aka haɗa da tsohuwar fanka, ga guntun ƙarfen layin dogo da aka mayar maƙera, ga magagari kala-kala jere a bango.

"Da me kake ƙera shi?"

"Sifirin ɗin tsohuwar mota, Yallaɓai. Ƙarfe ne mai kyau. In gasa shi ya yi ja, in daka, in sake gasawa. Sati uku ina duka kafin ya miƙe. Sannan magagari, wata guda cur."

"Daga nan fa?"

"Sai a shayar da shi. A gasa ya yi jawur, a tsoma shi cikin baƙin mai gaba ɗaya. A nan ƙarfe ke samun ƙarfinsa."

Saje ya yi gyaran murya, don ya ga alamar ogansa zai nemi a koya masa ƙira.

"Guda nawa ka ƙera?"

"Ɗaya." Injiniya ya nuna wani ruwan takobi mara mariƙi da ke rataye yana sheƙi. Ya sauko da shi, ya riƙe shi da zare, ya ɗan buga masa ƙusa. Ƙarfen ya yi wani amo siriri mai tsawo, har ya cika garejin. "Ka ji? Lafiyayyen ƙarfe ke nan."

Abin ya burge Sufeto ƙwarai. Ya zaro takobin tsohuwa daga kube, ya karɓi ƙusar, shi ma ya gwada. Sai aka ji ƙwas, kamar an taɓa fasasshen kwano.

Fuskar Injiniya ta canza.

"Wannan me ya sa ya ƙi amo?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Matarsa ta ce, "Don Allah ka faɗa musu. Girman kan nan naka zai kwana da kai a sel."

Injiniya ya zauna a kan benci. Kunya ce ta kama shi, irin ta mutumin da ya shekara talatin yana gyara kuskuren wasu.

"Biyu na ƙera. Wannan na farko ne. Ranar shayarwa mai ya ƙare mini, na yi garaje na tsoma shi a ruwa. Na ji ya yi ƙas. Ya tsage a ciki, ido ba ya gani, amma kunne na ji. Na naɗe shi a buhu na jefa bayan tankin ruwa. Ko ita ban gaya wa ba, ƙarar ta ji daga kicin."

"To ka san inda ƙaryar nan ta ajiye ka?" in ji Saje. "Ƙarfenka ne a kuben mutane."

"Na sani."

Sufeto ya zagaya bayan tankin. Buhun na nan, babu komai a ciki. Da zai juyo sai ya lura kan famfon tankin sabo ne fil, da ɗan farin tef yana leƙowa daga mahaɗarsa.

"Yaushe aka canza wannan?"

"Sati biyu ke nan," in ji matar. "Yoyo yake yi, na kira Yaya. Maigidan ya fita sayen gawayi ranar."

Sufeto ya koma gareji, ya ɗauki takobin yana jujjuya shi. Tambayar da ta zo masa ba ta ɗan sanda ba ce, ta mai son sani ce kawai.

"Wai yaya ruwa ke zama a cikin mariƙi bai zame ba?"

"Wutsiya gare shi, Yallaɓai. Ƙarfen yakan sirance ya shige ciki, a kafe shi da ƙusa. Na tsohon ban taɓa ganin tasa ba. Ban isa in kwance abin da kakan mutane ya riƙe ba. Sai na kintata, na bar tawa da tsawo."

"Ke nan mariƙin can ba zai shiga naka ba."

"Sai an rage wutsiyar."

"Kwance mini in gani."

Injiniya ya sa siririn ƙarfe ya tura ƙusar, ya ja mariƙin a hankali. Wutsiyar ta fito a datse, da sabon yankan zarto. An naɗe ta tam da farin tef, zagaye bisa zagaye, lafiya lau kamar bakin fayif.

Duk da halin da yake ciki, ran Injiniya ya ɓaci da aikin.

"Tef? A takobi? Wane irin mutum ne zai..." Sai ya waiga wajen tankin ruwan. Matarsa ta dafe bango.

Shagon Mai Famfo ƙarami ne, cike da gwiwoyin fayif da kawunan famfo. Sufeto ya sa an zo da tsohuwa da 'yarta da Injiniya. Mai Famfo na ganin mijin ƙanwarsa babu ankwa ya haɗe rai.

"Ka ce shekara guda ba ka je gidansu ba."

"Haka ne."

"Wa ya canza musu kan famfo?"

"Au, wannan? Tsakar gida kawai na tsaya. Shi ma zuwa ne?"

"Idan abu ya yi sako-sako a ramin da aka sa shi, yaya kake yi?"

"A naɗa masa tef mana. Kowa ya san haka."

"Maƙeri bai sani ba. Shi bugu yake har ya zauna." Sufeto ya ajiye wutsiyar a kan kanta. "Ka kuma naɗa shi ta hannun da ake ɗaure famfo, don kada ya warware. Aiki mai kyau, gaskiya."

Mai Famfo ya kalli tef ɗin, ya kalli uwarsa. Saje kuwa yana bin fayif-fayif ɗin da ke jingine a kusurwa yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Na bakwai ya fi sauran nauyi, kuma an toshe bakinsa biyu. Da aka buɗe, wani baƙin ruwan takobi ya zamo a cikin tsumma.

Tsohuwa ta karɓa. Ta goga bakin mayafinta a jikinsa, daga gindi zuwa sama. Kusa da tsini mayafin ya maƙale.

"Ba sayarwa zan yi ba, Inna," in ji Mai Famfo. "Ina yaro Baba ya ɗora mini shi a hannu ya ce wata rana nawa ne. Sai ki kai shi a sa a gilashi baƙi na kallo, mu a bar mu da sifirin ɗin mota? Na ga tsagaggen a buhu. Na jiƙa shi a ruwan gishiri ya yi tsatsa, na canza ranar da kika je asibiti. Na ɗauka ba za ki gane ba."

"Da na gane fa? Kai ka rako ni wajen 'yan sanda. Kai ka ambaci sunansa."

Mai Famfo ya kawar da kai.

"Da takobin kawai ka ɗauka, Yaya, da na fahimce ka," in ji ƙanwarsa. "Amma mijina ka so a rufe."

Saje ya sa masa ankwa ya fita da shi. Maƙwabtan shago suka yi cirko-cirko suna kallo har motar ta sha kwana.

Sufeto ya ji tausayin tsohuwar. Ta shigo neman takobi, ga shi ta same shi, amma ba ta ko kalli motar ba. Ta daɗe tsaye da ruwan a hannu ɗaya, mariƙin a ɗayan. Injiniya yana gefe, kansa a ƙasa, yana jiran a sallame shi.

"Yallaɓai," ta ce, "idan kun gama da shi, wa za ku ba?"

"Ke, Inna. Naki ne."

"A'a." Ta juya ta miƙa wa Injiniya duka biyun. "Shi za ku ba. Ɗana, kai za ka mayar masa da mariƙinsa."

Injiniya ya goge hannuwansa a riga sau biyu kafin ya karɓa.