Motar da Aka Ce Ta Ƙi Birki

Ana gab da kiran azahar aka buga wa Sufeto Sha'aibu waya, yana tsaka da gaigayar gasasshiyar masara a bakin ofishin 'yan sanda a Ƙauran Namoda. Wata jif ta banke mai babur a hanyar Shinkafi, mai babur ɗin ko shurawa bai yi ba.

Kafin ya isa, jama'a sun lulluɓe gawar da zane. Sunan mamacin Hafizu, manomi ne ɗan Banga, ya ɗauko buhun taki zai kai gona. Takin ya watse a kan kwalta fari fat. Jif ɗin kuwa, baƙa wuluk mai sheƙi, ta kutsa cikin gero ta tsaya, gabanta ya lotse.

Mai motar ba baƙo ba ne ga kowa. Alhaji Mainasara ne, dillalin hatsin da motocinsa ke kai da kawowa tsakanin Shinkafi, Zurmi da Kasuwar Daji. Yana tsaye a inuwa cikin shadda mai maiƙo, yana jan carbi.

"Wa ke tuƙi?" in ji Sufeto.

"Direbana, Gado. Ga shi can tsugune. Amma ba shi da laifi, Sufeto. Motar ce ta ƙwace."

"Ta ƙwace yaya?"

"Ka san irin waɗannan suna da kurus, wani maɓalli ne da za ka danna mota ta riƙe gudunta, ba sai kana taka totur ba. To shi ya maƙale. Gado ya taka birki, ya sake takawa, ta ƙi ji. Ina kujerar baya ina ta salati."

Ya zaro waya ya nuna masa bidiyo. Ga masu manyan jif nan birjik, har da Turawa, kowa na kukan kurus ya maƙale masa ko birki ya ba shi kunya.

Sha'aibu ya bi kwalta yana dubawa. Babu zanen taya ko kaɗan, alamar lalle motar ba ta ci birki ba. Maganar Alhaji ta hau. Amma da ya dawo, sai idonsa ya sauka kan ƙafar Alhaji. Shadda a sama, a ƙasa kuwa wasu koɗaɗɗun silifan roba ne irin na alwala, dugadugansa duk sun zubo waje. Kai, wannan kwalliya da walakin!

Ya kulle motar da hannunsa, ya jefa makullin a aljihu, ya sa aka ɗaga ta da janwe zuwa ofis.

Gado ɗan tsurut ne, gajere, furfura ta fara cin gemunsa. Ya zauna a bakin benci a ofishin Sufeto kamar mai jiran a kore shi.

"Kai ke tuƙi?"

"Ni na, yallaɓai."

"Kai ka danna kurus ɗin?"

"Ni na."

"A ina maɓallin yake?"

Gado ya ɗaga hannun dama, ya sauke, ya ɗaga na hagu.

"Malam Gado, shekarunka nawa kana tuƙi?"

"Tun ina yaron mota a tashar Shinkahi."

"Amma ba ka san inda ka danna abin da ya kashe mutum ɗazu ba?"

"Yallaɓai, kai dai rubuta ni ka tuƙi. Ai an ce laihin mota na."

Sha'aibu ya ajiye biro. "To saurara da kyau. Za a duba motar nan. In aka samu birkinta lafiya lau, ba mota za a kai kotu ba, kai za a kai. Kuma ba tara ba ce, gidan yari ne. Kana da iyali?"

"Ina da ɗiya ƙanana."

"Har yanzu kai ke tuƙi?"

"Ni na."

Abin ya ƙona wa Sufeto rai ƙwarai. Ya sha ganin mai laifi na rantsuwar ƙarya don ya kuɓuta, amma mutum ya dage sai an ɗaure shi, wannan kam ya fi ƙarfin haƙurinsa.

Washegari da hantsi Alhaji Mainasara ya iso ofis da fara'arsa, ƙafarsa cikin sabon takalmi. Wai ya zo a ba shi motar ya kai wa makanikensa a Gusau.

"Mota tana hannun hukuma, Alhaji."

"To a buɗe in ɗauki 'yan kayana."

"Ko tsinke ba ya fita."

Fara'ar ta gushe. "Yaro, ka san da wa kake magana? Manyanka ma in na kira su, tsaye suke amsawa."

"Kira su, ranka ya daɗe. In sun zo, su ma abin da zan gaya musu ke nan."

Daga nan Sha'aibu ya hau babur ya nufi Banga wurin zaman makoki. Dattawa na jere a kan tabarmi, kuma ga buhunan shinkafa da gero a jingine a waje, rana na dukansu. Alhaji ne ya aiko, uwar mamacin ta ce a fitar mata da su daga gida.

Wani dattijo ya ja Sufeto gefe. "Don Allah ka lallashe ta. Ƙarhe na ya yi gardama, wa za a kama? Amma ta ƙi ji. Ko an ce mata ya haƙuri, ba ta amsawa. Abin ya zama abin magana a gari."

Aka yi masa iso. Uwar mamacin, Indo, tsohuwa ce doguwa, idanunta a bushe ƙamas, babu alamar ta zubar da hawaye.

"Inna, ya haƙuri?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ma an aiko ka ka ce in yahe ma mota?"

"A'a, Inna. Na zo ne in ji abin da kika sani."

"Na yarda da ƙaddara, ɗan nan, tun ba a haihe ka ba. Amma mota ba ta tashi da kanta daga Shinkahi ba. Mutum ya kawo ta. Ba ni amsa gaisuwar kowa sai an ce min ga wanda ya kashe min ɗa."

Ta janyo wani ƙullin zane. Kamar yadda aka saba, waɗanda suka fara isa wurin sun tsince kayan mamacin sun kawo wa danginsa. Ga hularsa, ga makullin babur, ga takalmansa na taya. Sai kuma wari ɗaya na takalmin fata, ruwan ƙasa, ƙato, an take bayansa ya kwanta.

"Wanga ba na ɗana ba na," in ji ta. "Hafizu bai taɓa sa irinai ba. Yaran da sunka kawo sun ce a cikin gero sunka tsince shi, gindin ƙohwar direba."

Sufeto ya juya takalmin a hannunsa. Silifan alwalar nan suka faɗo masa a rai.

Da la'asar jami'in duba lafiyar motoci ya zo harabar ofis. Sha'aibu ya buɗe jif ɗin, ya shiga mazaunin direba, ya taka birki. Birkin ya ɗan motsa kaɗan, sai ya cije. Ya ƙara ƙarfi, ko gezau.

Ashe dai Alhaji gaskiya ya faɗa? Ashe ya tsaya yana yi wa dattijo tsaurin ido a banza?

Ya sauko, ya durƙusa, ya leƙa ƙasan sitiyari. Can cikin lungu, ƙarƙashin abin taka birki, ga wani abu ruwan ƙasa a cushe. Sai da ya sa hannu biyu kafin ya fizgo shi. Ɗaya warin ne, ya lanƙwashe saboda tsabar taku.

Jami'in ya tayar da motar, suka fita kan titi tare. Ya danna kurus, mota ta riƙe gudu. Ya ɗan taɓa birki, nan take ta saki, ta tsaya cak.

"Masu kukan nan na cikin waya, wasunsu da gaskiyarsu," in ji jami'in. "Amma wannan kam lafiyarta lau. Duk wanda ke tuƙi, takalmi ne ya tokare masa birki."

Sha'aibu bai yi murna ba tukuna. Rahoton nan, in ya tafi a haka, Gado zai fara ci.

Da safe ya tara su a ofishinsa. Indo ta zo da ƙafarta, ba wanda ya gayyace ta, ta zauna a bakin ƙofa ta ce ba inda za ta. Aka fito da Gado. Alhaji ya iso a ƙarshe, ya zauna a kujera, kuma kafin a ce masa uffan ya zare takalmansa ya naɗe ƙafafu a kan kujerar, kamar yana kan buzu a rumfarsa ta kasuwa. Jiki da sabo!

Sufeto ya ɗora takalman fatar nan biyu a kan tebur.

"Ka san waɗannan?"

Alhaji ya kalle su. "Nawa ne. Na cire su ina baya. Da motar ta yi tsalle sai suka gangara gaba."

"Ta ina?"

"Ta ƙarƙashin kujera mana."

"Na gwada jiya, Alhaji. Ƙasan kujerar nan a toshe yake da injin da ke matsar da ita. Ko silifan jariri ba za su wuce ba. Ɗaya a ƙarƙashin birki, ɗaya a gindin ƙofar direba. Gado kuwa da takalmansa a ƙafa na same shi."

"Ƙazafi za ka yi min? Ai direban da bakinsa ya amsa!"

"Ya amsa bisa cewa laifin mota ne." Sha'aibu ya juya. "Malam Gado, an duba mota, ba abin da ya same ta. Yanzu saura kai da alƙali."

Gado ya dubi maigidansa. Alhaji ya kawar da kai yana kallon silin.

Sai Indo ta yi magana daga bakin ƙofa, ba ta ko ɗaga murya ba. "Kai bawan Allah, dube ni. In kai ka kashe min ɗa, hwaɗa min a ido, in san wanda zan kai ƙara wurin Allah."

Gado ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

"Wallahi Inna ba ni na ba! Tun da ya sayi motar ga, da mun hita gari sai ya ce in koma gehe, shi ka tuƙi. Sai ya danna abin nan, ya tuɓe takalma, ya naɗe ƙahwa bisa kujera, yana ce min ka ga motar da ba ta son wahalar da mai ita. Ni ko taɓa maɓallin bai taɓa bari na yi ba. Da munka hango mai babur, kahin ya warware ƙahwa ya taka, takalmi ya shige."

"To me ya sa ka amsa?" in ji Sufeto.

"Yallaɓai, haka munka taso munka iske. In maigida ya yi ɓarna da mota, direba ka ɗauka, shi kuma ya riƙa maka gida. Ya ce min ba a ɗaure kowa, mota za a ɗora ma."

Alhaji Mainasara ya sauke ƙafafunsa ƙasa a hankali. Carbin ya suɓuce daga hannunsa.

"Na taka," ya ce, murya a dushe. "Wallahi na taka da iya ƙarfina. Ban san takalmi ne ba sai da na fito na gan ni ba takalmi, ga mutane sun taho a guje. Wani ya miƙo min silifa. Da girmana, a ce na kashe mutum ina zaune kamar mai shan fura? Na ji kunya, Sufeto."

"Kunyar ba ta hana ka tura mai ƙananan 'ya'ya gidan yari ba," in ji Sha'aibu. "Kofur, tafi da shi."

A bakin kantar ofis Kofur ya ce wa Alhaji ya ajiye hula da agogo da takalmi, kamar yadda ake yi wa kowa. Takalman ma ashe ya baro su ƙarƙashin kujerar da ya zauna a ofishin Sufeto. Haka aka wuce da shi ciki, ƙafa a ƙasa.

Gado ya zube gaban Indo yana neman gafara. Ta ce ya tashi ya tafi wurin ɗiyansa, ba da shi take ba. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta kama hanyar fita.

Sha'aibu ya raka ta har bakin titi, inda masu babur ke jiran fasinjan Banga. Ya ɗan russuna.

"Inna, ya haƙuri?"

Ta tsaya. Ta daɗe tana kallon titin nan mai zuwa Shinkafi.

"Da godiya, ɗan nan," ta ce.

Sai a lokacin hawayen suka zubo.