Kofin Nuala

Ranar Lahadi da la'asar, tukunya na ta zaɓalɓala a murhun gidan Malachy Gilsenan, amma ba dankali ne a ciki ba, ba kuma kabeji ba. Kofin shayi ne guda ɗaya da ƙaramin cokali. Matar gidan, Philomena, tana tsaye a kai da ludayi, fuskar nan a ɗaure tamau.

"Uwar Fintan," in ji Malachy daga kujerarsa, "in ya nuna a sa mini gishiri kaɗan."

"Yi dariyarka! Ranar da ka fara tofar da jini za ka tuna da ni."

Kofin na Nuala Tierney ne, yarinyar da ɗansu tilo, Fintan, ya nace sai ya aura. Bakinsa a tsage yake, kuma ba ya zama cikin sauran kofuna, ƙusa aka buga masa shi kaɗai a bayan ƙofa. Duk Lahadin da Nuala ta zo gaisuwa a cikinsa ake ba ta shayi, tana juya baya a jefa shi cikin tafasasshen ruwa. Kujerar da ta zauna ma sai an fitar da ita ta sha iska, kuma iskar garinmu Kilbrack ba ta zuwa ba tare da ruwa ba, saboda haka kujerar ta fi kowa wahala a gidan.

Laifin Nuala shi ne ta taɓa yin tarin fuka tana 'yar shekara sha bakwai. A zamanin nan ba ma ko faɗin sunan ciwon, sai dai a rage murya a ce wance ba ta da ƙwari. Gidan da ya shiga kuwa, 'yan matansa sai su tsufa a gaban iyayensu. Nuala ta yi shekara biyu a asibitin masu tari da ke kan tudu, sababbin allurai suka warkar da ita sarai. Maimakon ta dawo gida ta ce wajen gwaggonta ta je a Ingila, yadda masu kunya suke yi, sai ta nemi aiki a ɗakin gwaji na asibitin. Kakin marasa lafiya ake kawo mata, ta shafa a gilashi, ta rina, ta duba a madubin likita. Ragowar kuma ta shuka shi a kan dafaffen ƙwai cikin 'yan kwalabe, a ajiye a wuri mai ɗumi a jira ƙwayar cutar ta tsiro.

"Kiwon cuta take yi!" in ji Philomena. "Har da ƙwai take ba ta, wanda ni ma sai Lahadi nake ci!"

"Haba Mama!" in ji Fintan. "Shekara biyar ke nan likita ya ce ta warke."

"Likitan ne ya haife ka? Ungo, shanye."

Abin da ake miƙa masa madara ce, cike da moɗa, da ɗuminta daga hantsar Maisie. Maisie jar saniya ce da Philomena ta rena tun tana 'yar maraƙa, tana yi mata waƙa in za ta tatse ta, kuma ni dai ban taɓa jin ta yi wa Malachy magana da irin wannan taushin ba. A ganinta ɗanyar madarar Maisie ita ce garkuwar ɗanta. In ya gaisa da Nuala, moɗa ɗaya. In ya raka ta gida, biyu.

Sau ɗaya Nuala ta yi ƙarfin hali ta ce, "Mama, da ana ɗan tafasa madarar nan kafin..."

"A tafasa? Madarar Maisie? A kashe mata albarka? Lallai yarinyar nan, ke ce za ki koya mini tsabta?"

"Na ji tana tari ne jiya, Mama."

"Gyaran murya take yi!"

Nuala ta sunkuyar da kai ta ƙarasa shayinta a tsagaggen kofi. Wannan haƙuri nata ya sha ba ni haushi, don da ni ce da tuni kofin ya san taurin bango.

Saura wata biyu biki, wuyan Fintan ya kumbura ta ƙasan kunne, kamar an cusa masa ƙwan kaza. Ga zazzaɓi, ga rama. Likita Hanrahan na asibitin kan tudu ya zuƙi ruwan da ke ciki, aka duba, aka ce tarin fuka ne ya kama kaluluwar wuya. Kukan da Philomena ta tsala sai da aka ji shi a ƙofar coci.

Da Nuala ta iso gidan, a bakin ƙofa ta tarar da ita.

"Kin gama da shi! Hankalinki ya kwanta? Ɗa ɗaya Allah ya ba ni, kin shafa masa!"

Nuala ba ta musa ba, don ita ma abin da ke cin ranta ke nan. An sake ɗaukar hoton ƙirjinta an ga lafiya lau, amma kullum hannunta na cikin cutar, wa ya san abin da ta kwaso a riga? Ta zare zoben da Fintan ya ba ta ta ajiye a kan tebur, hawaye na zuba.

"Mama, an shuka abin da aka zuƙo daga wuyansa. Sati shida ko bakwai zai tsiro. Cutar iri biyu ce, kuma kowace da kamanninta. Idan irin ta mutane ce, irin wadda na yi, na yi miki alkawari ba za ki sake ganin ƙafata a gidan nan ba."

"Ni ban yarda ba!" Fintan ya yi ihu daga ɗaki, wuya a karkace. "Nuala, ko ma daga ina ta fito, ke nake so!"

"Sori, Fintan. Ba kai za ka yanke ba, kwalba ce za ta yanke. Ba zan zauna da kai ina kallon wuyanka ina cewa aikina ne ba."

Philomena ta sa cokali ta ɗauki zoben, ta jefa shi a tukunya.

Duk duniya babu malalaciyar halitta irin ƙwayar tarin fuka. Wasu ƙwayoyin kwana ɗaya sun cika kwalba, ita kuwa sai ta yi wata guda ba ta ko motsa ba. Kowace safiya Nuala ta iso aiki, kafin ta cire rigar ruwa sai ta ɗaga kwalbar Fintan a taga ta ƙura mata ido. Ƙwai dai ƙwai, shiru.

"'Yata, kallo ba ya sa ta girma," in ji Likita Hanrahan. "Kuma ba ke za ki karanta wannan ba, ni zan karanta, kada a ce kin sa son zuciya."

A gida kuma Philomena ta ƙara wa Fintan madara zuwa moɗa uku, don ya yi ƙarfin jure alluran da nas ke zuwa yi masa. Da labarin ya kai kunnen Nuala, ta tare Malachy a hanyar kasuwa.

"Baba, don Allah ka taimake ni. Ba ni da tabbacin komai, amma a riƙa tafasa madarar nan, ko da a ɓoye."

Malachy, wanda shekara talatin bai taɓa hannun tukunya ba, ya koma karɓar moɗa yana cewa shi zai kai wa yaron, sai ya zaga rumfar kayan noma ya ɗora ta a kan risho. Ya ƙona yatsa biyu da gefen gashin baki. Da Philomena ta ga abin nan da ke kwanciya a saman dafaffiyar madara, sai ta ce, "Ka gani ko? Maisie ta san yaron ba shi da lafiya, har mai take ƙara masa."

A sati na bakwai likita ya aika a kira su. Philomena ta shiga ɗakin gwaji da safar hannu biyu a kan juna, ta toshe hanci da hankici mai warin kafur. Nuala na tsaye a lungu.

Likita ya ɗaga kwalba ta farko. "Wannan daga ƙirjin wani mara lafiya take. Kun ga yadda ta cika wuri, busasshiya, ɓurɓushi-ɓurɓushi kamar na burodi? Ita ce ta mutane." Ya ɗaga ta biyu. "Wannan ta Fintan ce. 'Yan ɗigo ne ƙanana, a kwance, sumul, da ƙyar ake ganin su. Haka ta shanu take tsirowa."

Malachy ya juya ya dubi Nuala sama da ƙasa. "Likita, a duba mini yarinyar nan da kyau. Ko tana da ƙaho ne ban lura ba?"

"Wa ke shan ɗanyar madara a gidanku?" in ji likita.

Hankicin ya sauka daga hancin Philomena. "Maisie? Maisie tawa? Ƙarya ne! Sharri ne! Kun haɗa baki da ita!"

"Kada ki yarda da ni, uwargida. A kira likitan dabbobi."

Likitan dabbobi ya zo ya aske gefen wuyan Maisie, ya yi mata 'yar allura a fata, ya ce zai dawo bayan kwana uku, in wurin ya kumbura tana da cutar. Philomena ta ɗaura wa saniyar ƙaramin gicciye a ƙaho, ta yi kwana ukun tana addu'a. Ranar da ya dawo, ko ma'auninsa bai fitar ba, don kumburin a fili yake.

"Tirƙashi!" in ji Malachy. "Ita da ɗanki sak, har gefen ɗaya ne."

Babu wanda ya yi dariya, shi ma da ya dubi matarsa sai ya sunkuyar da kai. Washegari mota ta zo ta tafi da Maisie. Philomena ta zauna a kan kujerar tatsa cikin ɗakin da babu saniya, tana kuka. Mun ɗauka saniyar take yi wa, sai muka ji abin da take faɗa.

"Da hannuna na ba shi. Ina tsaye a kansa ina cewa shanye, shanye..."

A haka Nuala ta same ta, ta zo a kan keke cikin ruwa, jiƙe sharkaf. Da wata ce, da ta tsaya ta karɓi bashin Lahadi hamsin. Ita kuwa durƙusawa ta yi a gabanta.

"Mama, so ne ya sa kika ba shi, kowa ya sani. Huhunsa lafiya, wuyan kawai za a ɗan yi wa aiki, ya ci gaba da magani. Zai warke. Ni da nawa ya fi nasa muni ba ga ni ba? Gobe ke da Baba ku zo a duba ku, ni zan raka ku."

Philomena ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta miƙe ta ja hannunta, babu safa, har cikin gida. Ta leƙa bayan ƙofa ta ciro tsagaggen kofin, ta zuba shayi ta miƙa mata. Nuala ta ce a ranta ashe har yanzu. Ta kurɓa. Sai Philomena ta karɓe kofin, ta juya shi daidai inda leɓen Nuala ya taɓa, ta shanye tas.

"Uwar Fintan," in ji Malachy a hankali, "in ɗora tukunya?"

"Ɗora. Ta madarar maƙwabta. Na ji an ce ka ƙware a rumfa." Ta sa hannu a aljihu ta ciro zoben. "Ungo, 'yata. Sau uku na dafa shi. Ki yafe mini."

Da kaka aka ɗaura auren, ango da ɗan tabo a wuya wanda kwalar riga ta rufe. Philomena ta ci gaba da tafasa duk madarar da ta shigo gidan har ƙarshen ranta, tana kuma bin maƙwabta gida-gida tana yi musu faɗa a kai, kamar ita ta gano abin.

Ku da ke karatu, ku riƙe wannan. Wanda ya yi ciwo ya warke ba abin ƙyama ba ne, kuma kafin ku ɗora wa baƙo laifi, ku fara duba abin da kuka fi so a cikin gidanku. Nuala ta yi haƙurin sati bakwai gaskiya ta tsiro mata a kwalba. Kofin nan yana gidan har yau, cikin 'yan'uwansa, kuma tun daga ranar Philomena ba ta sake shan shayi a wani ba.