Dalmar da Ke Kan Injin Badaru

Ranar da sabuwar lorin Badaru ta shigo garin Lafiya, kasuwa watsewa ta yi ba tare da kowa ya tashe ta ba. Ga ta koriya shar, tana ƙamshin fenti, tsofaffi na shafa jikinta suna salati. Gogan naka kuwa yana zaune a gaba ya karkata hula, sai ka ce shi ya ƙera ta.

A bakin garejin Malam Baballe ya tsaya don ya ƙara mata ruwa. Bai kai ga saukowa ba ya ga wata budurwa ɗauke da kwanon abinci ta tsaya jikin ƙofar motar, tana duba fuskarta a fentin tana gyara ɗankwali. Ba ta san da mutum a ciki ba.

"Ya zauna daidai," in ji Badaru a hankali. "Kada ki ƙara taɓa shi."

Wayyo kunya! Saura ƙiris kwanon ya kife. Ta rufe fuska ta faɗa gareji da gudu, ta bar shi da baki buɗe, ya ma manta ruwan da ya zo nema.

Zuwairatu ke nan, autar Malam Baballe, tsohon sojan da ya koyo gyaran mota a yaƙin duniya, can ƙasar Bama. Duk motar da ta yi tari tsakanin Lafiya da Obi, a hannunsa take warkewa, kuma ya san da haka, domin tsohon akwai ji da kai.

Daga ranar, motar Badaru ta koma mai yawan jin ƙishirwa. Ko daga ina ya ɗauko buhunan riɗi, sai ya bi ta gareji shan ruwa. Saƙo kuwa ta bakin Gwaggo Dijatu yake bi, ƙanwar Malam Baballe mai tuwo a tasha, wadda ba ta isar da magana sai ta sa mata gishiri.

"Mai Koriya ya ce in gaya miki: Fitilata, na haye tudun Akwanga jiya da yamma, gari duk ya yi ja, na rage gudu don in daɗe ina tuna ki."

Zuwaira ta sunne kai ta ce, "Gwaggo, ki ce masa: Mai Koriya, ka riƙa duban hanya. In ka faɗa rami, wa zai ce ɗankwalina ya zauna?"

"Oh ni Dije! Ni kuma na zama gidan waya a tsufana."

Haka rani ya wuce musu kamar a mafarki. In ya zo zance, kan tabarma suke zama ƙarƙashin mangwaro, motar na huci a gefe tana sanyaya jiki. Ya ba ta labarin gadar Makurɗi, inda jirgin ƙasa da mota ke bi ta hanya ɗaya, ita kuma ta lumshe ido tana ganin kanta a kujerar gaba, iska na kaɗa mata mayafi. Ta so shi, so na gaske, har tana jin tsoron yawansa.

To, ga inda matsalar take. Kamfanin Turawan da ya sayar da motar a Jos ya ɗaure murfin kan injin da waya, ya manna mata dalma mai tambari. Muddin dalmar nan na nan, in injin ya lalace su za su gyara kyauta. Wa'adin garantin zai ƙare da faɗuwar damina, sai akawun kamfanin ya ce in Badaru ya ƙara kuɗi za a ƙara masa shekara biyu. Sharaɗi ɗaya ne: kada hannun kowa ya kwance ko noti guda a injin, sai na makanikan kamfani.

Gadon mahaifinsa kaf Badaru ya zuba a motar nan. In injin ya buga ba garanti, ya koma ɗan dako a tasha. Yana cikin wannan lissafi, wani direba da ake kira Ɗan Obi, wanda ya daɗe yana zarya a ƙofar su Zuwaira ba a kula shi, ya je gareji ya zauna ya tsara zance. Wai Badaru ya ce gara ya biya Turawa da ya bar tsohon maƙeri ya jagwalgwala masa inji.

Da magabatan Badaru suka kai goro, Malam Baballe ko kallon ƙwaryar bai yi ba.

"Wanda ya ga hannuna bai isa ya taɓa ƙarfensa ba, me zai yi da 'yar da hannun nan ya yi rainonta? Ku gaishe shi."

Saƙon da Gwaggo ta kawo washegari ba gishiri a cikinsa. "Ta ce: Badaru, in da gaske ka faɗi haka a kan Baba, kada ka ƙara tsayawa shan ruwa."

Ba Mai Koriya, Badaru kawai! Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya same ta a bakin rijiya, idanunta sun kumbura.

"Fitilata, wallahi ban faɗa ba."

"Na yarda. Amma za ka biya su?"

Ba ya iya yi mata ƙarya. "Zuwaira, in injin ya mutu, da me zan ciyar da ke?"

"In ka biya kuma, wa za ka ciyar?" Ta ɗauki tulunta. "Ni ko a ƙasa zan bi ka, ka sani. Amma ba zan taka zuciyar Baba in wuce ba."

Ya yi ta juya abin a ransa har hadarin farko ya haɗo. Ran nan da hantsi, ana yayyafi, ya tuƙo motar har cikin gareji, ya ɗaga bonet, injin da dalmarsa suka bayyana, ya ɗauki filaya a kan benci, ya durƙusa gaban tsohon ya miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ga ta. Ka yanke dalmar. Daga yau ba ta da likita sai kai."

Ɗan Obi da ke zaune kan tsohuwar taya ya sulale ya fice. Zuwaira na leƙe ta bayan zana, ta dafe ƙirji.

Malam Baballe ya karɓi filayar, ya matso. Tunda yake, ragowar motocin soja da gajiyayyun lorori yake gyara, bai taɓa tsayawa kan inji mai tsabta irin wannan ba. Ya daɗe yana kallo. Ya sa bakin filayar a jikin wayar, sannan ya janye. Ya sa gefen rigarsa ya goge ɗigon ruwan da ya sauka a kan dalmar.

"Kai yaro, ashe ba ka da hankali? Dukiyar marayu za ka sa in yanke?" Ya ajiye filayar a kan benci. "Idona ya fara hazo, nan da shekara biyu ban san inda zan kasance ba. Gobe ka kama hanyar Jos ka biya mutanen nan. A cikin motar nan 'yata za ta ci abinci."

"Baba, ai na ɗauka..."

"Ka miƙo, na gani. Shi ke nan abin da nake nema. Tashi, ka ce wa iyayenka su dawo da goronsu."

Guɗar Gwaggo Dijatu har tasha aka ji ta.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da yamma aka fito da amarya, aka sa ta a kujerar gaba, ƙawayenta suka cika baya da kwalla da tabarmi suna waƙa. Badaru ya sunkuyo ya raɗa mata, "Fitilata, kin iso." Ta cikin mayafi ta amsa, "Mai Koriya, duba hanya."

Samari suka yo gaba za su murɗa handul su tayar da injin, Malam Baballe ya daka musu tsawa. Ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya kama ƙarfen da kansa, ya yi bisimilla ya murɗa. Bugu ɗaya motar ta amsa.

Ya ja gefe, ya dafa bonet yana jin ɗuminsa, hawaye na bin gemunsa.

"Na tayar muku da hannuna. Allah Ya kai ku lafiya, Ya ba ku zuri'a mai albarka. Badaru, tafi a hankali, autata ce a ciki."

Jama'a suka amsa da amin, motar ta ɗaga a hankali, tsohon na tsaye da handul a hannu har ta sha kwana.