Baƙin Dutse Mai Cin Wuta

A can wani zamani, a wani ƙauye da itacen wuta ya ƙare, an yi wata yarinya, Tasalla, da kakarta makauniya mai ginin tukwane. Tukwane sun bushe, babu abin gasa su sai itacen tsamiyar da tsohuwar ke hutawa a gindinta.

Kaka ta ce, "Sare ta kawai, jikalle."

Tasalla ta ƙi. Ta tuna labarin da kaka ta taɓa ba ta, na baƙin dutse mai cin wuta a cikin kwazazzabo. Ta je ta ɗebo mai santsi, don kada ya ɓata mata zane.

Kaka ta jinjina shi, ta ce, "Ya yi nauyi."

Ta koma ta ɗebo wani.

"Goga shi a tsingaro. Ya bar baƙi?"

"Bai bari ba, Kaka."

Ta sake komawa. Sai la'asar ta dawo, ta yi duƙun-duƙun. "Kaka, wannan ba nauyi, amma duk ya ɓata ni."

Kaka ta yi murmushi. "Shi ne."

Dutse ya ci wuta, tukwane suka gasu. A inuwar tsamiya kaka ta laluba ta kamo hannuwan Tasalla, ta manna su a kumatunta, baƙi ya shafe mata fuska. Tasalla ba ta janye ba.