Kogin da Ya Bi Tawul

"Baba ɗan sanda, in kun tafi da Mama, wa zai yi min kitso?"

Sufeto ya dubi yarinyar. Tun safe bai zauna ba, ga shi an kira shi kan zanen kogi da tsaunuka, na fentin ruwa, wanda marigayi mai gidan ya bari. Gobe masanin zane zai zo ya kimanta shi don rabon gado, yau an wayi gari firam ɗin na jingine a falo, babu komai a ciki.

Babban ɗan marigayin, wanda ake kira Yaya Babba, ya ce ba sai an wahala ba. Matar ƙaninsa, uwar yarinyar, ita ce ke share falon, kuma tun rasuwar mijinta idonta ke kan kayan gidan. In ba ta fito da zanen ba, to ta kama hanya, 'yar kuma ta zauna wurin dangin uba.

Matar ta damƙe hannun 'yarta. Ta ce ko gilashin da busasshen ƙyalle take gogewa, ita ce ma ta ɗauke zanen daga saitin taga don kada rana ta cinye launinsa.

Sufeto ya juya firam ɗin. An miƙe ƙusoshin baya ɗaya bayan ɗaya, a tsanake. Wanda ya yi aikin nan ba ya tsoron a shigo a same shi.

Sufeto ya sami masanin zanen a shagonsa, mutumin ya nuna hoton da aka turo masa a waya shekaranjiya. Zanen ne, babu gilashi, da ɗigon fumfuna a gefe.

"Wa ya turo?"

"Babban ɗan. Ya tambaya ko tabon zai rage masa daraja. Na ce zai rage, amma kada a taɓa."

Sufeto ya koma gidan yana jan ƙafa, ya tare Yaya Babba.

"Ka taɓa cire shi daga gilashi?"

"Ni? Ko kusa."

"To wa ya ɗauki hoton nan?"

Yaya Babba ya hau gyaran murya. A banɗakinsa kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya samo tawul mai shuɗi da kore. Takardar zanen kuwa tana ƙarƙashin katifa, ta kumbura, ba a gane sama da ruwa.

"Tabon kawai na so in cire, ranka ya daɗe. Na ɗan jiƙa tawul, shafa ɗaya, sai kogin ya biyo hannuna."

"Shi ne ka ga gara a raba uwa da 'ya da a ce kai ka ɓata?"

Kofur ya tasa Yaya Babba gaba zuwa mota, za a tuhume shi da ƙarar ƙarya.

Ke mai irin wannan zane a gida, kada ki bari danshi ko rana su kusance shi, in ya yi tabo ki kai wa masani. Ranar da kuma aka nuna ki da yatsa kan abin da ba ki yi ba, kada kunyar surukai ta rufe miki baki. Ki riƙe 'yarki, ki ce a bincika.