Ƙaramar Tukunyar Baba

Sufeto yana zaune a ofis da safe yana hararar kwanon abincin da matarsa ta haɗo shi da shi, sai wayar tebur ta yi ƙara. Tun da likita ya ce jininsa ya hau, matar ta ɗauke gishiri daga abincinsa, shi kuwa ya ɗauke fara'a daga fuskarsa. Kullum sai ya yi mita kafin ya kai loma, har Kofur ɗinsa ya haddace mitar.

Likitan asibiti ne ya kira. Ya ce jiya da magariba an kawo masa gawar wani dattijo mai gonar shanu, an ce bijimi ne ya tattake shi a cikin shinge. Shi dai bai ga sawun kofato ko na ƙaho a jikinsa ba. Rauni ɗaya ne, a ƙeya, irin na wanda kansa ya bugi gefen wani abu mai tauri. Kuma jikin ya nuna ya daɗe da cikawa kafin lokacin da aka ce an tsince shi.

Sufeto ya rufe kwanon, ba tare da wani baƙin ciki ba, ya ce wa Kofur ya tayar da mota.

Gonar tana ƙarshen wata hanya mai taɓo. Gida ne guda mai doguwar baranda, takalman roba jere a bakin ƙofa, ga sito a gefe, ga shingen shanu a baya. Mutum uku ne suka rage a gidan: 'yar mamacin ta fari, wadda kowa ke kira Yaya, har mahaifinta; sai mijinta, wani dogon mutum mai ƙarancin magana da ake ce wa Dogo, da ƙaninta Auta, saurayi ne da ya isa aure, idanunsa sun kumbura don kuka.

Auta ne ya tsinci gawar, don haka shi ya kai su wurin. Ya ce da abinci ya nuna, Yaya ta ce ya je ya kira Baba. Ya duba baranda bai gan shi ba, ya zagaya baya, sai ya hango shi kwance a shingen bijimin.

Bijimin na tsaye yana tuƙa, kamar ba shi ake zargi da kisan kai ba. Kofur ya tsaya daga nesa, ya ce daga nan ma yana gani sarai. Sufeto ya sa Auta ya riƙe dabbar, ya duba ƙahonta da kofatanta. Taɓo ne kawai.

"Baba yakan shiga nan shi kaɗai?"

"Yakan shiga, ranka ya daɗe, amma ba ya shiga ba sanda. Ko mu ya hana."

"Ina sandar?"

Auta ya waiga hagu da dama. Sai a lokacin ya lura babu ita.

Kofur ne ya gano ta, can wajen shingen, a ƙarƙashin kwamin siminti da maruƙa ke shan ruwa. Sufeto ya tsuguna ya daɗe yana kallon kwamin. Duk jikinsa gansakuka ce kore shar, in ban da kusurwa ɗaya da aka goge tas. Wanda ya yi wankin nan ba tsabta ce ta dame shi ba.

Dogo suka samu a sito yana zuba dusa a buhu. Bai ɗago kai sosai ba. Ya ce shi jiya tun bayan azahar yana makiyayar nesa yana gyaran wayar shinge da ta tsinke, bai dawo ba sai da ya ji ihun Auta. Da aka tambaye shi ko tsohon na da abokin rigima, ya ce ba ya son ya zama mai kai ƙara. Sannan ya kai ƙarar. Ya ce da safe Auta ya yi wa Baba tsawa a gaban kowa kan injin tatsa da yake so a saya, har ya ce gonar nan ba za ta ci gaba ba sai bayan ran tsohon. Ya ƙara da cewa shingen bijimi a hannun Auta yake.

Auta bai musa ba. Ya ce ya faɗa, kuma maganar da ta zama ta ƙarshe tsakaninsa da mahaifinsa ke nan. Da yamma kuwa yana bakin rafi shi kaɗai yana huce haushi, ba wanda ya gan shi.

Kofur ya ja Sufeto gefe, ya ce magana ta ƙare: ga faɗa, ga barazana, ga rashin shaida. Sufeto ya san in ya koma ofis da wannan bayani, Auta ne zai kwana a bayan kanta, kuma mai yiwuwa ya tsufa a can. Abin bai kwanta masa ba. Ya aiki Kofur makiyayar nesa ya dubo shingen da aka ce an gyara.

Kofur ya dawo da taɓo har gwiwa yana huci. Ya ce wayar na nan a tsinke, saniya ma za ta wuce ba ta sunkuya ba. Naɗin sabuwar waya kuwa yana rataye a sito, ko ɗaurinsa ba a kwance ba.

"To Dogo ya yi ƙarya," in ji Sufeto. "Amma mutum kan yi ƙarya don ya ɓoye barcin rana. Bai isa ba."

Suna cikin haka Yaya ta aiko Auta ya ce su shigo su ci abinci. A gidan nan, in ji Auta, ko mai karatun mitar lantarki ba ya fita da yunwa.

Kicin ɗin shi ne zuciyar gidan, da gani. Dogon tebur ne a tsakiya, duk ya sha yankan wuƙa, kujeru huɗu, ɗaya mai matashi a kusa da taga. Bokitan madara an kife su a kan benci. Albasa na rataye, ludaya da tukwane kowanne da ƙusarsa a bango. Babbar tukunya na kan murhu tana tafasa. Miyar jiya ce, nama da dankali da kabewa, wadda ba wanda ya iya taɓawa, Yaya ta ɗumama saboda masu zuwa gaisuwa.

Yaya mace ce da ta haura arba'in, hannayenta sun yi kanta. Ba ta yin kuka. Tana zuba abinci tana amsa tambaya ba ta kallon kowa. Ta ce tun da rana ta karkata tana kicin, ba ta leƙa waje ba, rabonta da Baba tun abincin rana.

Kofur ya kai cokali ɗaya ya lumshe ido, ya ce wannan hannu Allah ya yi masa albarka, gishiri daidai, yaji daidai. Sufeto ya haɗiye yawu ya ture kwanonsa, ya ba da haƙuri, ya ce likita ya raba shi da gishiri.

Auta ya yi ɗan murmushi, na farko tun zuwansu. Ya ce ai Baba ma haka yake. Kullum kafin Yaya ta zuba gishiri sai ta ɗebe nasa a wata ƙaramar tukunya ta ajiye a gefen murhu. Baba ya yi ta mita, yana cewa abincin marasa lafiya ake ba shi a gidansa, amma sai ya suɗe kwanon.

"Nasa na jiya ma yana nan, ba wanda ya taɓa," in ji Auta. "In ba za ka ƙyamata ba, in ɗumama maka."

Ya tashi ya duba gefen murhu, babu. Ya buɗe firji, babu. Sai ya ɗaga kai. Ƙaramar tukunyar na rataye a ƙusarta, a bushe ƙayau.

Ludayin da ke hannun Yaya ya tsaya cak. Auta bai gane komai ba, ya ce wataƙila an zubar. Yaya ba ta ce an zubar ba.

Sufeto ya ce wa Kofur ya fita da Auta ya zaunar da shi a mota. Ya faɗa da ƙarfi yadda za a ji har sito. Da suka fita, ya jawo kujera ya zauna, ba mai matashin ba.

"Malama, tun yaushe kike ɗebe masa nasa?"

"Tun rasuwar Inna."

"Kin taɓa mantawa?"

Ta girgiza kai. Ta ce ko lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita, daga kan gado take ƙwala wa Auta kira kada ya kuskura ya sa gishiri kafin ya ɗebe na Baba. Tana faɗa muryarta na raguwa, don ta ji inda maganar ta nufa.

"Ba wanke ta aka yi ba," in ji Sufeto a hankali. "Da zubarwa kika yi, da kin faɗa wa ƙaninki yanzu. Jiya kin zuba gishiri a tukunya gaba ɗaya, tun kafin ki aiki Auta. Mai girki ba ta ɗebe wa wanda ta san ba zai ci ba."

Ta zauna a kan bencin madara. Tukunyar na ta ɓararraka ba mai kula ta.

Sufeto ya ji tausayinta, kuma bai ɓoye wa kansa ba. Ya daɗe a aikin nan, ya ga masu ƙarya iri-iri, amma bai taɓa ganin wadda bakinta ya yi ƙarya hannunta ya ƙi ba. Ya gaya mata gaskiya: in ta yi shiru, da Auta zai tafi, kuma abin da ke kansa ya isa a tsare shi.

"Ba Auta ba ne," ta ce. Sai a nan hawayen suka zo. "Ni na goya yaron nan. Ba shi ba ne."

"Ƙyale ta haka, ranka ya daɗe."

Dogo ne tsaye a ƙofar baya, kansa na kusan taɓa dogarin ƙofa. Ya cire takalman robarsa kafin ya shigo, kamar yadda ya saba.

Bai ja zance ba. Ya ce jiya da la'asar Baba ya same shi a bakin kwami, ransa a ɓace tun faɗan safe, ya hau shi da faɗa kan ruwan maruƙa. Magana ta kai ta kawo, tsohon ya ce ko da rashin kunyar Auta, gona ta Auta ce, don shi ne jininsa. Shi kuwa Dogo in ya ga dama ya zauna ya ci gaba da aiki. Dogo ya ce rabin shanun nan a hannunsa aka haife su, ƙuruciyarsa duk a gonar nan ta ƙare, amma ko sau ɗaya tsohon bai taɓa ce masa ɗana ba. Baba ya ɗaga sanda yana nuna shi da ita. Dogo ya ture sandar, sai ya haɗa da mai ita, tsohon ya faɗi ƙeyarsa ta bugi kusurwar kwamin.

"Ban yi niyya ba. Amma abin da na yi bayan nan, da niyya na yi."

Ya ɗauke shi ya kai shingen bijimi, ya wanke kwamin, ya zo nan ƙofar baya wanke hannu. Yaya na tsaye da ludayi, za ta miƙa hannu ga ƙaramar tukunya. Ta ga rigarsa. Ya faɗa mata, ya roƙe ta ta yi shiru, ya ce za a ɗora wa dabba ne, ba wanda zai cutu. Da 'yan sanda suka zo suka wanke bijimin, tsoro ya sa ya nuna Auta.

"Wannan ita ce ba zan yafe wa kaina ba," in ji shi, ya miƙo hannayensa biyu.

Kofur ya shigo da ankwa, Auta na biye da shi. Ashe bai zauna a motar ba, yana baranda yana ji. Bai kalli Dogo ba ko kaɗan. Gaban yayarsa ya je ya tsaya.

"Yaya, ke kika ce in je in kira shi cin abinci."

Ta miƙa hannu za ta taɓa shi, ya ja da baya. Ya ɗauki bokitan madara ya fita, don shanu ba su san an yi mutuwa ba, kuma lokacin tatsa ya riga ya wuce.

Sufeto ya gaya mata gobe za ta zo ofis ta ba da bayani, kuma ba zai yi mata alkawarin abin da ba ya hannunsa ba. Ta gyaɗa kai. Da ya waiwaya daga bakin ƙofa, ya ga ta sauko da ƙaramar tukunyar ta riƙe a cinya.

Suka shiga mota suka kama hanya. Dogo na baya, ya juya yana kallon shanun har kwana ta ɓoye su. Sai da suka hau kwalta Kofur ya yi gyaran murya, ya ce in sun ajiye mutumin nan, akwai wani wurin cin abinci a kusa da ofis, ana zuba gishiri kamar ba gobe, kuma shi bakinsa a rufe yake, madam ba za ta ji ba.

Sufeto ya tuna kwanon da ya bari a kan tebur, da hannun da ke tsayawa kowace rana ya ɗebe nasa kafin ya kai ga gishiri.

"Bar shi, Kofur," ya ce. "An riga an ɗebe mini nawa."