Ranar da Aka Harba Bindiga a Ƙofar Sarzan

"Na ce maka ban yarda ba, Abdulwahabu! In dai sai an harba bindiga a ƙofar gidanmu, to a bar auren!"

Abdulwahabu ya kashe motonsa, ya zuba mata ido kamar yau ya fara ganinta.

"Zahara'u... me kika ce?"

"Ka ji ni sarai."

"A bar auren? Saboda ɗan albarushi? Haba hasken idona! Kin fa san ko ni ɗan wane ne. Babana Sarkin Bindiga ne a garinmu, tun kaka da kakanni. In ɗan gidanmu ya yi aure, da an shafa fatiha a ƙofar gidan amarya sai a ɗaga bindigogin toka sama a harba. Ni ne ɗansa na fari. Da wane baki zan ce masa kar a yi?"

"Ku harba a can garinku mana, in an kai ni."

"To me ya sa? Ki ba ni dalili ɗaya tak!"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Dalilin na nan a kan harshenta, amma ba nata ba ne balle ta bayar.

"Ko dai ƙauyancinmu kike wa kunya?" ya faɗa a hankali. "Mu mutanen Dogo-Dogo, ku kuma 'yan Bande..."

"Wallahi ba haka ba ne!"

"To mene ne?"

Ta ci gaba da murza mayafinta. Ya jira har ya gaji, sannan ya tayar da moto ya tafi ko sallama babu. Tun da ya zo koyarwa lakwal, makarantar bokon Bande, ya fara fakewa da sayen batir a shagon babanta don ya gan ta, bai taɓa tafiya bai waiwayo ba sai ranar. Zahara'u ta shige zaure ta jingina da bango ta yi kukanta.

Duk Bande babu wanda bai san Sarzan Dauda mai shago ba. Tsohon soja ne, ya yi yaƙi can bakin tafki a jihar Diffa, ya dawo da ɗingishi da lambar yabo. Ya fasa bangon gidansa ta wajen kasuwa ya buɗe shago: sukari, shayi, sabulu, man gyaɗa, taliya, alawar yara. Ba ya ba da labarin yaƙi, shi ya sa mutane suka ƙirƙira masa nasu. Wai shi kaɗai ya tare gari guda. Wai ƙarfe ba ya cinsa. Uwaye har tsorata 'ya'yansu suke yi da shi, shi kuwa bawan Allah in yaro ya zo sayen magi sai ya ƙara masa da alawa.

Abin da garin bai sani ba shi ne Sarzan ba ya iya jin ƙara. Daminar farko da ya dawo, aka yi wata tsawa, Zahara'u tana yarinya ta shigo shago ta same shi a ƙarƙashin tebur tsakanin buhunan shinkafa, ya rufe kai da hannuwa, yana rawar jiki yana kiran sunayen mutanen da ba ta sani ba. Mahaifiyarta Ɗela ce ta ja ƙofa ta rufe. Haka ta yi ta rufewa shekara da shekaru, har ciwon ajali ya kwantar da ita, ta kama hannun 'yarta ta ce, "Ubanki ba shi da komai a garin nan sai mutuncinsa. Ki rufa masa asiri."

Tun daga nan Zahara'u ta zama mai gadin sama. Da ta ga hadari ya haɗo sai ta ce, "Baba, ku shiga ciki ku huta, ni zan tsare." To hadari ana ganin tahowarsa. Amma bindigogi a tsakiyar taron ɗaurin aure, shi yana zaune a gaba a matsayin uban amarya, ina za ta ɓoye shi?

Ranar kasuwa tana cikin gida tana tankaɗe, sai ta ji "ɗam!" kamar an fasa ƙasa. Tayar wani kamiyo, babbar motar ɗaukar gero, ce ta fashe daidai bakin shagon. Ta yar da rariya ta kwasa a guje ta zaure. Shi ke nan, yau asiri ya tonu, ga kasuwa ta cika maƙil!

Tana fitowa ta ga ƙofar shagon a rufe. Abdulwahabu na tsaye a gabanta, ya harɗe hannuwa.

"Mushe, matsa mana, sabulu zan saya," in ji wata mata, don haka ake kiran malamin lakwal.

"Sarzan ya shiga alwala, Inna. Ku ɗan zaga ku dawo."

Idonsa ya haɗu da na Zahara'u. Sai ya ɗan buɗa mata ƙofar daidai yadda za ta shige, ya sake ja ya rufe.

Ta sami babanta a ƙarƙashin tebur, inda ta san za ta same shi. Ta durƙusa ta riƙe kafaɗarsa.

"Baba, ni ce. Taya ce ta fashe. Kuna Bande, kuna shagonku..."

Da kyar numfashinsa ya daidaita. Ya ɗago jajayen idanu.

"Uwata," haka yake kiranta don sunan mahaifiyarsa ta ci, "yaron nan yana ciki lokacin. Ya zo yana gaishe ni. Ya gan ni."

Da ta fito, Abdulwahabu na nan inda ta bar shi. Ta ce, "Yanzu ka ji dalilin. In ka faɗa wa wani, ko babanka ne..."

"Me na gani da zan faɗa? Ni mutum na gani ya shiga alwala."

Hawaye suka zubo mata.

"Ki yafe mini, Zahrata. Ke kaɗai kike ɗauke da wannan kaya, ni kuma na zo ina miki maganar ƙauyanci. Ki bar mini sauran."

"Me za ka ce musu?"

"Ki dai bar mini."

Ashe abin da ya je ya ce wa mahaifinsa shi ne, shi ne ba ya son ƙarar bindiga, gabansa faɗuwa yake yi. Ɗan Sarkin Bindiga guda! Kafin mako ya zagayo magana ta hau moto ta iso Bande. Wai boko ya cinye zuciyar yaron. Wai ko ashana aka ƙyasta sai ya zabura. 'Yan lakwal ma suka samu abin yi, sai su hura leda su fasa a bayansa su ruga. Shi kuwa Sarkin Bindiga Ɗan Azumi ya rantse in ba za a harba ba, ƙafarsa ba za ta taka Bande ba, kuma babu ɗan'uwansa da zai je karɓar aure.

"Ka ga abin da ka jawo wa kanka?" in ji Zahara'u da suka haɗu a zaure. "Ga zagi, ga auren ma zai lalace. Mushe, ka janye maganar nan, ka nemi wata..."

"Wata wa? Ke nake so. Su kira ni matsoraci har a tashi duniya."

"Ni kuma ba zan iya ganin ana maka dariya ba!"

"Za ki iya ganin ana yi wa Baba?"

Ta kau da kai. Ko ta ina ta juya, wanda take so ne zai kunyata.

Da la'asar dattawa na zaune a bencin ƙofar shago ana shan shayi, ita kuma tana ciki tana ƙulla sukari. Sai Mohamman mai faci, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya ce, "Sarzan, ni fa abin na ba ni mamaki. Namijin duniya kamarka, ka rasa wanda za ka ba 'yarka sai farar kura? An ce yaron ya hana a harba bindiga don kar ya suma a gaban jama'a!"

Aka kwashe da dariya. Sarzan bai yi ba. Ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ya shigo shago.

"Uwata, gaskiya ne? Abin da ya ce musu ke nan?"

"Baba..."

"Aika a kira mini shi."

Abdulwahabu ya zo ya durƙusa a bakin tebur, kansa a ƙasa.

"A fagen daga," in ji Sarzan, "na ga waɗanda suka tare wa 'yan'uwansu harsashi da ƙirjinsu. Ban zaci zan sake ganin irinsu a cikin shagona ba. Ka je ka ce wa mahaifinka ya zo da bindigoginsa duka."

"Baba, kar ku yi haka!" Zahara'u ta faɗa da kuka. "In abin ya zo muku a gaban mutane fa?"

"To ya zo. Shekarun nan uwarki ta rufe ƙofa, ke kin rufe, yanzu ɗan mutane ya sa sunansa ya rufe. Ya isa haka." Ya dubi Abdulwahabu. "Abu ɗaya nake roƙo. Ranar, kar ka yi nisa da ni."

Ranar ɗaurin aure da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar shago. Zahara'u ta zame daga ɗakin da ƙawayenta suke, da lallenta da komai, ta shiga shagon ta ƙofar cikin gida, ta manna ido a tsagar ƙyaure.

Ga babanta can cikin farar babbar riga, lambarsa a ƙirji. Ga mutanen Dogo-Dogo sun jeru da bindigogin toka a kafaɗa, Sarkin Bindiga a gaba yana gyara gashin baki. Sai ta ji muryar Sarzan.

"Ina angon? Ya zo nan kusa da ni."

Aka fara gunaguni. Ina aka taɓa ganin ango ya zauna gwiwa da gwiwa da surukinsa?

"Ba ni da ɗa namiji," in ji Sarzan. "Yau na samu. Zo ka zauna."

Abdulwahabu ya zauna a damansa. Sarzan ya yi kamar yana gyara hannun rigarsa, ya yafa shi a kan gwiwar yaron. Ita kaɗai ta ga hannayen biyu sun haɗu a ƙarƙashi.

Liman ya yi addu'a. Aka shafa. Maroƙi ya ɗaga murya, "An ɗaura! Alƙawari ya cika!"

Zahara'u ta ga bakunan bindigogi sun tashi sama. Ta cije mayafinta. Ya Allah, ka rufa masa asiri...

Ɗam! Ɗam! Ɗaɗam!

Hayaƙi ya turnuƙe wajen, awaki suka watse, yara na ihu. Ba ta ganin komai. Ta ƙanƙame ƙyauren tana jiran ta ji dariya ko salati.

Hayaƙin ya fara washewa. Babanta yana nan zaune! Gumi ya jiƙa masa hula, leɓensa na motsi, hawaye na gangarowa cikin gemunsa, amma yana nan a kan tabarmarsa, bayansa a miƙe. Abdulwahabu ya kusanto da bakinsa kunnensa yana masa magana ƙasa-ƙasa.

"Allahu Akbar!" in ji Mohamman mai faci. "Ku dubi soja, bindiga ko gezau, amma rabuwa da 'ya ta sa shi hawaye!"

Sarkin Bindiga kuwa ɗansa yake kallo, wanda ko ƙifta ido bai yi ba. Ya gyaɗa kai, ya juya yana dariya da mutanensa.

Da aka fara watsewa Sarzan ya turo ƙofar shago ya shigo yana ɗingishi. Ya zube a kan buhun shinkafa. Ya ga 'yarsa a tsaye tana kuka.

"Uwata..." Ya nuna teburin da hannu. "Kin gani? Ban shiga ba."

Ta faɗa jikinsa tana shessheƙa. "Na gani, Baba! Wallahi na gani!"

Ya shafa kanta. Sannan ya miƙa hannu kan kantar shago ya ɗauko kwalbar man zafi, ya danƙa mata a tafin hannunta mai lalle.

"Ungo, ki tafi da wannan gidanki. Ina jin na karya wa mijinki yatsa, kuma ko uffan bai ce ba."